RA'AYI: Keke mai tsada a titin Suleja: Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Makon jiya ɗan yayata, wanda ke koyarwa a wata makarantar kuɗi a Madalla, ya zo gaishe ni da yamma. Da muka gama gaisawa sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, duba wannan. Shi nake tara wa kuɗi." Hoton keke ne baƙi siriri mai lanƙwasasshen hannu, irin na 'yan tsere. A gefensa an jera hular kwano mai tsini, da takalmi na musamman, da riga mai kama jiki. Duk da cewa gwanjo ne, kuɗin da mai sayarwa ya yanka ya kai albashin yaron na wata biyar. Na tambaye shi ko gasa zai shiga. Ya yi dariya ya ce a'a, makaranta zai riƙa zuwa da shi, domin kuɗin mota ya cinye shi.

Niyyarsa ta komawa keke ban ga aibinta ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce 1,000. Garuruwa kaɗan ne suka ji wannan a jika kamar Suleja. Garin da ya bayar da sunansa na asali, Abuja, ga sabon babban birni, ya karɓi sunan Sarki Sulaimanu Barau, yau shi ne makwancin dubban ma'aikatan da hayar gida ta kora daga birnin. Kullum da asuba suna tururuwa ta Madalla da Zuba, su dawo bayan magariba, rabin abin da suka samu ya tafi a mota. Ba mamaki idan wasu suka fara kakkaɓe ƙurar keken da suka jingine.

Abin da nake ja da shi shi ne inda yaron yake son zuba kuɗinsa. Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma gaskiya ne. Sai dai nagarta da tsada ba kullum suke tafiya tare ba, musamman a harkar keke, inda mafi yawan tsadar an yi ta ne domin biyan buƙatar da mu ba mu da ita.

Mai sayen keken tsere abu biyu yake biya: rashin nauyi da iya keta iska. Kekunan manyan gasanni ana yin jikinsu da zaren kabon, kuma hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade cewa nauyinsu kada ya gaza kilo 6.8. Sabo daga cikin na gaba-gaba yakan haura dala 10,000. Idan aka lissafa dala a naira 1,500, miliyan 15 ke nan, wato albashin kusan shekara 18 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga wanda daƙiƙa biyu ke raba shi da kambu, wannan kuɗi yana da ma'ana. Amma a duba lissafin malamin makaranta: shi yana da kilo 70, kekensa na ƙarfe kilo 15, jimla 85. In ya sayi keken da ya fi wancan sauƙi da kilo 5, abin da ya rage bai kai kashi 6 cikin 100 na nauyin da yake turawa ba, kuma jakar littattafan ɗalibai da zai goya ta mayar da shi. Maganar keta iska kuwa sai ana sheƙa gudu take tasiri sosai. Wanda ke kutsawa tsakanin 'yan acaɓa da masu baro a bakin Kasuwar IBB ba iska ce ke tare shi ba.

Sai batun gyara, wanda masu tallar intanet ba sa ambata. Na ɗauki wayar yaron na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa a gindin bishiya da famfo da kwanon ruwan faci. Ya daɗe yana kallon hoton, sa'an nan ya ce, "Malam, in wannan ya karye, wa zai yi masa walda?" Tambayar ta ƙunshi komai. Keken ƙarfe in ya tsage, mai walda na nan a kowane lungu. Kabon ba a yi masa walda, kuma yakan tsage ta ciki ba tare da ido ya gani ba, har ranar da zai ɓalle ana cikin tafiya. Mai sayen gwanjonsa bai san sau nawa aka faɗi da shi a Turai ba kafin a loda shi a kwantena. Birki mai aiki da mai yana buƙatar nasa man da nasa kayan aiki. Giyar zamani mai batir sai an yi mata caji, a garin da wayar hannu ma sai an kai ta shagon caji. Siririyar tayar da aka yi wa shimfiɗaɗɗiyar kwalta, rami ɗaya ya ishe ta. Ƙurar hunturu da taɓon damina kuwa ba su san sarƙa mai tsada ba, cinye ta suke yi kamar kowace.

Iyayenmu sun san wannan ba tare da karanta mujalla ba. Keken Raleigh, wanda har masana'antar haɗa shi aka taɓa yi a Kano, ya yi suna ne domin yana ɗaukar buhun masara da mai shi, ya shekara 20 yana aiki, kuma kayan gyaransa na kowace kasuwa. Phoenix ɗan Sin da Hero ɗan Indiya da suka biyo baya, a kan wannan hujjar suka karɓu. Raleigh a zamaninsa ba shi da araha, sai mai hali ke sayensa, amma tsadarsa ta ƙarko ce.

Kada a fahimce ni da cewa duk mai araha ne abin saye. Araha ba ta ado, kuma a kan titi takan yi kisa. Akwai wuraren da ƙwauron kuɗi ganganci ne, kuma dukkansu abubuwa ne da ke tsakanin mahayi da ajali ko asara.

Na farko birki. Wanda ya taɓa gangarowa da keke a titin da ruwa ya jiƙa, ya matsa birki ya ji babu, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Robar birki mai kyau da waya mai ƙwari ba su kai kuɗin kati na mako ba. Na biyu taya: mai faɗi, mai kauri, wadda ƙusa da kwalba ba sa huda ta da sauƙi. Kuɗin da aka ƙara a kanta yana dawowa ta facin da ba a yi ba da lattin da ba a yi ba. Na uku fitila, fara a gaba, ja a baya, da riga mai ƙyalli. Duk wanda ya san hanyar Maje, inda ma'ajiyar mai ta NNPC take, ko babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta ratsa gindin Dutsen Zuma, ya san cewa direban tanka da dare ba ya ganin mai keke cikin baƙar riga sai ya zo kansa. Na huɗu kwaɗo da sarƙar ɗaure keke, domin keken da aka sace shi ne mafi tsada duka.

Na biyar hular kwano, kuma a nan akwai abin lura. Hulunan da ake sayarwa bisa doka a Turai da Amurka, masu araha da masu tsada, gwajin ƙarko iri ɗaya ake wajabta musu, kuma akan liƙa shaidar gwajin a cikinsu, kamar EN 1078 ko CPSC. Abin da mai tsada ta fi da shi yawanci sauƙin nauyi ne da shigar iska da kyan gani. Saboda haka a nemi mai shaida wadda ta zauna daidai a kai, a ɗaure igiyarta. A kuma guji ta gwanjo, domin soson da ke cikinta bugu ɗaya aka yi shi ya shanye. Hular da ta taɓa cetar wani ta gama aikinta, ko da bayanta na sheƙi.

Sauran kayan, irin su takalmin da ke maƙalewa a feda, da riga mai matse jiki, da tabarau na musamman, da na'urar auna gudu, na masu yin awa huɗu ko biyar ne a kan sirdi. Takalmin ma haɗari ne ga sabon shiga a cikin cunkoso, domin kafin ya zare ƙafa ya kai ƙasa. Mai zuwa aiki ya naɗe ƙafar wandonsa ya ishe shi.

Masu sha'awar tsere za su ce na tauye su, kuma suna da hujja. A gasar Olympics ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga gasar cikin fili da shi. A wannan matakin kayan aiki masu tsada wajibi ne, kuma abin kunya ne ƙasar da ke da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003 ta tura 'yarta ba tare da shi ba. A shekarar ce kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a gasar Tour de France. Matashin Suleja da ke da wannan buri, a taimaka masa ya samu kayan da suka dace. Haka mai wadata da ke hawa don nishaɗi ranar Asabar, iya kuɗinka iya shagalinka. Maganata da wanda zai ci bashi ko ya hana kansa abinci ne.

Da na matsa wa ɗan yayata da tambaya, sai gaskiyar ta fito. Ya ce, "Kawu, in na hau irin na Baba, ɗalibai za su ce malam ya talauce." Ashe kunya yake son saye da albashin wata biyar. Mun mayar da keke tambarin talauci, har ya zama sai an lulluɓe shi da tsada kafin mai ilimi ya yarda a gan shi a kai. A Holan ma'aikacin banki da ɗan majalisa suna zuwa ofis a kan tsohon keke mai kwando, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su.

Akwai kuma abin da kuɗin mutum ɗaya ba ya saye, wato hanya. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har wata motar bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan nasa. In minista bai tsira ba, ina ga malamin makaranta? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kan yi jerin gwanon kekuna a Abuja. Jerin gwano na yini ɗaya ba ya kare kowa. Abin da mazauna Suleja ke buƙata daga gwamnatin Neja da hukumar babban birni shi ne gefen titi da aka keɓe aka kuma kange tsakanin Suleja da Madalla da Zuba, da fitilun kan hanya masu ci, da wurin ajiye keke mai tsaro a tashoshin mota, yadda mai zuwa cikin birni zai yi rabin farko a keke ya ƙarasa a bas.

Shawarar da na ba yaron ita ce ya nemi keken ƙarfe ko na alminiyom mai giya kaɗan wanda ya yi daidai da tsawonsa, ya kai wa dattijon nan ya duba kafin ya biya, ya sa masa sabuwar taya da birki da fitila, ya sayi sabuwar hula da kwaɗo mai ƙarfi. Duka ba za su kai albashin wata biyu ba. Ragowar ya ajiye, haya na tafe. Ya karɓi wayarsa ya ce zai yi tunani. Na ga idonsa bai bar hoton ba, amma da zai fita sai ya tambaye ni wace bishiya ce dattijon yake zama a gindinta.