An bar jaki ana dukan taiki: maganar wutar tsohuwar Lotus

Turawan Ingila masu son tsofaffin motoci sun daɗe suna yi wa kamfanin Lucas ba'a, kamfanin da ya yi shekaru yana ƙera wa motocinsu kayan wuta. "Yariman Duhu" suke ce masa, wai fitilunsa ba su tashi mutuwa sai dare ya tsala. Abin dariyar shi ne Joseph Lucas, mutumin Birmingham da ya kafa kamfanin, da sana'ar fitila ya yi suna, har ana yi wa fitilar kekensa kirari da "Sarkin Hanya". Ya rasu a 1902, bai ga ko ɗaya daga cikin motocin da ake zaginsa a kansu ba. Yau dai zan ɗan tsaya masa. Yana da nasa laifin, za mu zo kansa, amma mafi yawan duhun da ake ɗora masa hannun masu gyara ne ya kawo shi, kuma irin wannan hannun muna da shi birjik a garajojinmu.

Motar da zan kafa misali da ita Lotus Elan ce, wadda Colin Chapman ya fitar a 1962. Ƴar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, an yi ta don gudu da nishaɗi. Chapman mutum ne da ya ɗauki nauyi abokin gaba, duk abin da zai iya cirewa daga jikin mota sai ya cire, shi ya sa Elan ta tsaya a wajen kilo 700. Dabarar da ya yi ita ce ya ƙera mata ƙashin baya na ƙarfe, ya ɗora mata gangar jiki ta roba mai zaren gilashi. Ba motar hanyoyinmu ba ce, ramin farko zai kwashe mata ciki. Amma in ana maganar koyon wutar mota, ban san makarantar da ta fi ta ba, domin abin da wasu motoci ke ɓoyewa ita a fili take nuna shi.

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. A motar da muka saba, waya ɗaya ke kai wuta ga fitila, dawowar kuwa ta cikin ƙarfen motar take bi har ta koma batir. Wannan shi ne abin da masu gyara ke kira mas. To roba ba ta ɗaukar wuta. Don haka a Elan kowace fitila, da ham, da injin share gilashi, da agogunan tablo, sai an ja musu baƙar waya ta musamman da za ta mai da wutar zuwa ƙarfen ƙasa. Wuraren lalacewa sun ninku kenan. Kuma baƙaƙen wayoyin nan sukan taru a kan ƴan kusoshi, inda ruwa da laka ke samunsu, ga gishirin da ake watsa wa titunan Ingila lokacin ƙanƙara. Ka ƙara shekara hamsin a kan wannan, ka ga abin da zai fito.

Mas mai tsatsa ba ya mutuwa a mutunce, sai ya yi wa mutum wasa da hankali. Ka kunna sigina ka taka birki, sai duk fitilun baya su hau ƙyaftawa a raunane kamar an yi musu asiri. Ba aljani ba ne. Wutar ce ta rasa hanyarta ta komawa, sai ta kutsa ta cikin sauran ƙwayayen fitila tana neman mafita. Wanda ya fi wannan muni shi ne in igiyar mas da ke tsakanin inji da ƙarfen mota ta ruɓe. Demarar na jan amper fiye da 100 lokacin tayar da inji, kuma in wutar nan ba ta sami babbar hanya ba, takan bi ta siririyar wayar totur, ta gasa ta har robarta ta narke. Mai mota yana can yana zargin batir.

Na sha wannan da kaina, a tsohuwar motata ta ƙarfe ma. Fitilun gaba suka koma ja-ja kamar aci-bal-bal. Na kai ta wajen wani mai gyaran wuta, ya sa na sayi sabbin ampul. Ba ta canza zani ba. Ya ce batir ne, na saya. Ya ce to alternatar ce, aka kwance ta aka kai ɗinki. Jikkuna suka yi ta fita, fitila tana nan yadda take. Ranar da abin ya ƙare, wani yaronsa ne, wanda ba a ko tambayarsa, ya kwance kusa ɗaya a bayan fitila, ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure. Haske ya dawo tas. Aikin minti biyar. Ban riƙe maigidan a raina ba, amma tun daga ranar na daina yarda a canza mini wani abu kafin a auna.

Awon kuwa ba wani sihiri ba ne. Batir lafiyayye da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In inji na aiki kuma caji na shiga, sai ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika yi ba shi ne auna wutar da ke ɓacewa a hanya. Ka kunna fitilar, ka ɗora tsinken na'urar awo ɗaya a kan batir, ɗaya a bakin fitila, a ɓangaren zuwa, sannan ka sake a ɓangaren dawowa. Abin da na'urar ta nuna shi ne abin da tsatsa da sakakkun mahaɗai suka cinye. In ya wuce rabin bolt, akwai ɓarawo a hanyar, sai ka bi shi gaɓa-gaɓa har ka kama shi. Kuma ɓarnar ta fi yadda ake zato: in ƙwan fitila ya rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wutarsa, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. Dole a yi awon nan fitila na kunne. Wayar da ta tsinke saura sili ɗaya za ta sa na'ura ta yi ƙara ta ce maka hanya lafiya lau, alhali in aka ɗora mata kaya ba za ta iya ba.

Yanzu ga laifin Lucas da kamfanonin da suka yi aiki da kayansa, don kada a ce na yi son kai. Motocin Ingila da yawa na wancan zamani, har da Elan ta farko, fizibil biyu kacal gare su. Manyan wayoyin da suka taso daga batir da waɗanda suka fito daga kontak ba su da wani mai tsaronsu. Fitilun gaba ma haka, kuma duk wutarsu ta cikin ɗan makunnin da ke hannun direba take bi. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan amper 9 da ɗoriya, kullum ta cikin ƴan ƙananan haƙoran tagulla, har su ƙone. Mahaɗan wayoyin masu kan harsashi su ma suna tara danshi, su yi kore a ciki inda ido ba ya gani. Dinamon da aka sa wa irin waɗannan motoci amper 22 yake bayarwa in ya ƙure, a tsaye kuwa kusan ba ya ba da komai. An yi tsimi, kuma tsimin ya nuna.

A nan ne masu tsofaffin motocin suka rabu biyu. Akwai masu cewa kada a taɓa komai, a bar mota yadda ta fito daga masana'anta, don darajarta a nan take. Na fahimce su, amma ban bi su ba. Motar ƙarfe in waya ta kama wuta akwai ɗan lokacin da za a kashe. Motar roba ita kanta makamashi ce, in ta kama sai dai a tsaya nesa a yi kallo. Wanda ya ƙara rale biyu don fitilun gaba, ya sa fizibil kusa da batir, ya ja ƙarin wayar mas mai kauri, bai ɓata tarihi ba, musamman in ya yi aikin yadda za a iya cirewa ba tare da yanka tsohuwar waya ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wani tarko a fizibil ɗin kansa. Lambar da ke jikin tsohon fizibil na Lucas tana nufin ƙarfin wutar da zai tsinka shi. Wanda aka rubuta wa 35, abin da yake ɗauka yau da kullum bai wuce 17 ba. Na zamani kuwa lambarsa tana nufin abin da yake ɗauka ba tare da ya tsinke ba. Mutum ya ga 35 ya je ya sayo 35 na zamani, ya ninka abin da wayar ke iya jurewa bai sani ba. In wannan kuskuren mai karatu ne, to me za mu ce da namu, da ake naɗe mataccen fizibil da takardar kwalin sigari ko a cusa silin waya a wurinsa? Fizibil mai gadi ne da ya ba da ransa don ya gaya maka akwai ɓarna. Ka kashe maganarsa, wayar da ke bayan tablo ce za ta zama fizibil, kuma ita ba ta tsinkewa sai da hayaƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne launin waya. Ingilishi sun tsara nasu tsaf. Ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir. Fara ta fito daga kontak. Koriya ta bi ta kontak da fizibil. Shuɗiya ta fitilun gaba ce, ja ta ƙananan fitilu, baƙa kuwa mas. Wanda ya haddace wannan zai iya karanta mota kamar wasiƙa, kuma tsofaffin masu gyaranmu da suka yi aiki a kan Land Rover na da sun san shi, don tsarin ɗaya ne. Sai wani ya zo da ƙullin jar waya guda, duk inda wuta ta ƙi zuwa ya ja sabuwa ta sama, ya murɗa da hannu, ya naɗe da salatif. Motar ta tashi, an biya shi, ya tafi. Zafin watan Afrilu ya narkar da gam ɗin salatif, girgizar hanya ta kwance murɗin, wanda zai zo bayansa kuma ya tarar da jajayen wayoyi goma ba a san mafarin ko ɗaya ba. Tsofaffin Lotus da yawa sun ratsa hannun masu irin wannan aiki kafin su iso ga mai su na yau, shi kuma ya buɗe tablo ya ga saƙar gizo ya ce Lucas ne.

Wata al'adar da ya kamata a binne ita ce cire kan batir inji na aiki don a ga ko caji na shiga. Gadon zamanin dinamo ce. A kan alternatar, wutar na iya yin tsalle ta ƙona kayan cikinta, a motar zamani har da kwamfutar inji. Haka kuma motocin Ingila da yawa kafin ƙarshen shekarun 1960 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da ƙarfe, akasin abin da muka saba. Wanda bai duba ba ya liƙa rediyon zamani, ya yi asararsa nan take.

Sai dai ba zan sauke kayan duka a kan mai gyara ba, mu masu mota muna da kaso. Mutum ya yi awa biyu yana bin waya da na'ura har ya gano kusa ɗaya mai tsatsa, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa kuɗin shayi. Wanda ya sa muka sayi batir kuwa muna ganin ya yi aiki, don mun ga sabon abu. Mu muka koya musu cewa awo ba ya kawo abinci. Yaron da ya gyara mini fitila na ba shi abin da na ba maigidansa, kuma da zan tafi na ga maigidan yana kallona kamar na zauce. Na'urar awon nan kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba, ana samunta a kasuwa, amma sau nawa ka ga an ciro ta kafin a ciro almakashi? Cibiyoyin koyon sana'a da ke yaye mana yara su dage a kan karanta zanen wayoyi da awon wutar da ke ɓacewa, ko da za a rage wani darasin.

Yanzu in na kai mota gyaran wuta, tun a bakin garaji nake faɗa: kuɗin bincike daban, zan biya ko ba a canza komai ba, amma a fara da kan batir da igiyar mas, a goge su a shafa musu basilin, a auna a gabana, kuma kada a yanka mini waya sai an gaya mini launinta da inda ta nufa. Wasu sukan ɓata rai. Mutum biyu sun karɓi sharaɗin, wajensu nake zuwa.