Wa Ya Kashe Takin Waya?

Yau dai ku yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na zo da shi ba, faɗa na zo yi. Kuma waɗanda zan yi faɗan da su su ne mutanen nan masu tara jama'a a manyan otal-otal na Abuja, a ci kaza a sha lemo, a haska hoton wani dattijo riƙe da waya a tsakiyar gonar masara, sannan a tashi a ce wai fasahar zamani ta zo ta fitar da manomi daga talauci. Kowace shekara sabuwar manhaja, kowace shekara sabon suna na Turanci. Shi kuwa dattijon da ke cikin hoton har yanzu bashin taki yake ci kafin damina, ya biya da hatsinsa da kaka a kan farashin da mai bashi ya yanka masa.

Kada wani ya ɗauka ni maƙiyin waya ne. Ko kusa. Waya ta yi wa manomi rana tun kafin masu taron otal su san da zamansa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba manhaja, ba intanet, ba taro. Ɗan kasuwa ne kawai ke kiran ɗan'uwansa ya ji nawa ake sayar da gero a can kafin ya ɗora kaya a mota. Haka muke gani a Dawanau har gobe.

To amma abin da ke ci mini rai shi ne, mun taɓa samun abu mai aiki a ƙasar nan, muka bar shi ya mutu, kuma ba wanda ke son a tuna.

A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fito da shirin raba taki ta waya. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. A rubuta sunan manomi da lambar wayarsa, idan lokaci ya yi saƙo ya shigo masa, ya je wurin dillalin da aka ware ya nuna saƙon, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu na taki, ga kuma iri. Sauran rabin gwamnatin tarayya da ta jiha su biya dillali. Kamfanin Cellulant ne ya gina na'urar da ke aika saƙon. Ministan da bakinsa ya sha faɗa cewa kafin wannan shiri, kashi 11 kawai cikin ɗari na manoma ke samun takin da gwamnati ta saka wa rangwame. Sauran ina yake tafiya? Ai ku ma kun sani. Ɗan siyasa ya karɓi takarda ta tirela guda, ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya sayar wa manomin da aka sayo takin dominsa. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba shi ne babban manomi ranar rabon taki.

Abin da saƙon waya ya yi shi ne ya tsallake wannan mutumin. Shi ke nan sirrin, ba wani tsafi. Ma'aikatar ta ce ta yi wa manoma fiye da miliyan 10 rajista. Ban ce shirin ba shi da aibu ba. Akwai ƙauyukan da saƙo ba ya isa saboda babu sabis, akwai lokacin da taki ke zuwa bayan shuka ta wuce buƙatarsa, kuma buhu biyu me zai yi wa mai gona babba? Amma talaka ya ga buhu da idonsa, ya ɗora a kan babur ya kai gida, ba tare da ya durƙusa wa kansila ba.

Me ya kashe shi? Ba na'ura ce ta lalace ba. Dillalai suka ba da taki, gwamnati ta riƙe musu kuɗinsu, bashi ya taru har biliyoyin naira. Wane ɗan kasuwa ne zai ci gaba da ba da kaya a haka? Ga kuma surutun da ya tashi a farkon 2013, da aka ce za a kashe naira biliyan 60 a sayo wa manoma wayoyi miliyan 10, ministan ya fito ya musanta adadin, amma maganar ta riga ta shafa wa shirin baƙin jini. Da aka canja gwamnati a 2015, shi Adesina ya tafi shugabancin Bankin Raya Afirka, hankali ya koma kan shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na shekarar. Takin waya ya yi ta shiɗewa har aka daina jin ɗuriyarsa. Ni a ganina waɗanda saƙon ya toshe wa hanyar ci ba su zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Yanzu ku dubi abin da ake tallata mana a madadinsa. Manhajar da za ta gaya wa manomi ya zuba taki kaza a sati na uku. Malam, ya san lokacin zuba taki tun kana cikin zanin goyo, takin ne ba shi da shi! Da can saƙo na zuwa da buhu a bayansa, yanzu saƙo ne tsirara. Kuma da Turanci, a babbar waya mai cin data, ga mutumin da ƙaramar waya ce a aljihunsa, cajinta ma sai ya biya a shagon mai janareta ranar kasuwa. Mu marubuta mun san wannan darasi da daɗewa: littafinmu ya shiga lungu ne saboda da Hausa muka rubuta shi, wadda ba ta iya karatu ba ma ta ji ana karantawa a rediyo. Me ya hana a yi wa manomi magana da murya, da harshensa? Matan da ke gyaran shinkafa da masu ƙuli-ƙuli a cikin gida kuwa, da yawansu wayar maigida suke ara, ba na jin an taɓa tunawa da su a wajen taron.

Masu abin kirki a cikinsu sun gane haka. Hello Tractor, da aka kafa a 2014 don haɗa mai tarakta da manomi, wakilai yake amfani da su a cikin gari, su tattara sunayen masu son huɗa, sannan a turo tarakta. Wato mutum na nan a tsakani, kuma a ƙarshen maganar ƙarfe na shiga gona.

Sannan wa ya ce layin nan ba ya yankewa? A watan Satumba na 2021 aka rufe sabis ɗin waya gaba ɗaya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Manomi ya kai kaya kasuwa, mai saye ya ce ya tura, kuɗi ba su shigo ba, wanda ke da takardar kuɗi a hannu ya saye amfanin gona yadda ya ga dama. Mai tumatir ba ya iya jiran sabis ya dawo, kwandonsa ruɓewa yake yi.

Saboda haka duk wanda ya sake zuwa da sabuwar manhaja, ku tambaye shi abu uku a madadina: wane kaya ne ke bayan saƙon, wa zai biya dillali kuma yaushe, sannan idan gwamnati ta canja wa zai riƙe shirin? In ya fara kame-kame da Turanci, ku ce masa ya fara nemo mana rajistar manoman nan ta 2012, ya gaya mana a hannun wa take.