Raddi ga Masu Cewa Dutsen Fairuz Yana Kariya Kuma Yana Warkarwa

Fairuz dutse ne mai launin sararin sama, wani lokacin ya karkata zuwa kore, wanda ake samu a busassun wurare kamar Naishabur ta ƙasar Iran da Sina'i ta Masar da kudu maso yammacin Amurka, kuma masana ma'adinai sun tabbatar da cewa haɗi ne na jan ƙarfe da alminiyam da fosfet da ɗan ruwa. Babu mai jayayya a kan kyawunsa. Abin da ake jayayya a kai shi ne da'awar masu sayar da zobba da masu tallar waraka da duwatsu, cewa yana tare kambun baka, yana kore talauci, yana maganin ciwon gaɓɓai, har yana yi wa mai shi gargaɗi idan cuta ta tunkaro.

Hujjarsu ta farko ita ce daɗewa, wato al'ummu da yawa sun girmama shi shekaru dubbai, don haka ba zai rasa wani sirri ba. Amsa ita ce al'ummun sun haɗu a kan sonsa amma sun rabu a kan aikinsa, domin Misirawan dauri da suka haƙo shi a Sarabiɗul Khadim sun jingina shi ga abar bautarsu Hatur, ƙabilar Nabaho ta Amurka ta danganta shi da sama da ruwan sama, Turawan zamanin da kuwa suna cewa yana kare mahayi daga faɗuwa a kan doki. Da yana da aiki guda tabbatacce da duk sun gano shi, kamar yadda kowace al'umma ta gano cewa gishiri yana hana nama ruɓewa.

Hujja ta biyu ita ce mafi ƙarfi a wurinsu, saboda an gina ta a kan abin da ido yake gani. Suna cewa fairuz yana dusashewa ko ya koma kore idan mai shi ya kamu da ciwo, kuma canjin launin gaskiya ne. Sai dai dalilinsa sananne ne, domin dutsen yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suke shanye gumi da man shafawa da turare da sabulu, sannan zafi yana ƙona ruwan da ke jikinsa. Wanda ya sa zobensa yana cin tuwo da miya mai manja, yana wanki da shi, yana shafa masa turaren mai kowace Juma'a, zai ga shuɗin ya koɗe ko da lafiyarsa ƙalau, alhali zoben da aka adana cikin akwati zai zauna da launinsa ko da mai shi yana kwance a asibiti. Haka batun cewa yana tsagewa domin ya kare mai shi yake. Likita Anselmus de Boodt ya ba da labari a littafinsa na 1609 cewa fairuz ɗinsa ya tsage lokacin da ya faɗo daga doki, shi kuma ya tsira, amma taurin dutsen a ma'aunin Mohs, wanda ke jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, bai wuce 5 zuwa 6 ba, don haka tsagewarsa a faɗuwa ba ta neman wani bayani na gaibu.

Sai masu cewa jan ƙarfen da ke cikinsa yana ratsa fata ya warkar da amosanin gaɓɓai. A shekarar 2013 Stewart Richmond na Jami'ar Yok a Ingila ya wallafa gwajin da ya yi da majinyata 70, inda aka tarar awarwaron jan ƙarfe tsantsa bai rage musu ciwo ko kumburi ba, balle wanda yake ɗaure cikin dutse.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya mata da gaske ita ce wadda aka sa wa rigar addini, domin ita ce take shiga zuciyar alhajin da ya tsaya gaban mai zobba a kasuwar Madina. Ruwayar da ke cewa mai sa fairuz ba ya talaucewa ta zo a littattafan Shi'a kamar Al-Kafi, amma ba ta cikin littattafan hadisi shida, kuma Ibnul Jauzi ya sanya hadisan falalar aƙiƙ, ɗan'uwan fairuz a wannan kasuwa, cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Abin da ya inganta shi ne zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne, kuma ya riƙe shi ne domin buga hatimi a wasiƙun da yake aika wa sarakuna. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma koyi ne kawai ya sa yake sumbantarsa. Sa fairuz domin ado halal ne, amma dogaro da shi wajen neman tsari ya shiga babin da malamai suka tsananta hani a kansa.

Saura shaidar waɗanda suka ce sun gwada sun ga aiki. A 2001 Christopher French na Kwalejin Goldsmiths a Landan ya raba wa mutum 80 duwatsun kwaz, wasu na gaske wasu na gilashi, sai masu riƙe da gilashin suka ba da rahoton ɗumi da natsuwa daidai da sauran. Bugu da ƙari, kasuwar fairuz cike take da haulait da magnesait, fararen duwatsu masu araha da ake rinawa shuɗi, waɗanda babu jan ƙarfe a jikinsu, kuma masu sanye da su suna ba da irin shaidar da masu na Naishabur suke bayarwa.