Jin Turanci Daban, Koyar da Shi Daban

Koyon harsunan waɗansu ƙasashe abu ne mai amfani ƙwarai. Amma ba duk mai jin Turanci ne ya isa ya koyar da shi ba. Malamin da aka horar ya san inda Bahaushe yake tuntuɓe, kamar wajen rarrabe p da f, ya kuma san maganin abin.

Ku dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya koyi aikin malanta a Kwalejin Katsina, ya koyar a Bauchi, duk da haka ya tafi Ingila a 1945 don ƙaro ilmin koyarwa.

Saboda haka, yara, mai son zama malamin Turanci ya daure ya sami takardar shaida. Sai an gwada akan san na ƙwarai.