Jika 42 a Arlit: ba ita ta kawo tsada ba, kuma ba kowa ta isa hannunsa ba



Akwai wata magana da kunnenmu ya saba da ita a bakin butiki. Mutum ya zo sayen shinkafa ko mai, ya ji kuɗi ya canza, ya ce: "Haba Alhaji, jiya-jiya fa ba haka na saya ba." Sai amsa ta zo: "To ai an ƙara muku albashi." A yi dariya, mai saye ya biya ya tafi yana ƙunƙuni. Wannan amsa ce muke son mu zauna a kanta yau, don ta fara zama gaskiya a kan mutane, har wasu ma'aikata da kansu na cewa gara ma kada a ƙara, tunda kasuwa ce ke cinyewa. Mu a namu gani, ƙarin albashi mafi ƙanƙanta ba shi ya kawo tsadar Arlit ba. Babbar matsalarsa ita ce yawancin waɗanda aka yi shi dominsu ba su gan shi ba.

Mu fara da lissafi. Tun 2012 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, wanda ake kira SMIG, yana tsaye a kan sefa 30,047. Ya shekara fiye da goma bai motsa ba. Daga baya aka kai shi sefa 42,000, jika 42 ke nan. Ƙarin ya kusa jika 12 a wata, kimanin kashi 40 cikin ɗari. A takarda abin yana da kauri. Amma a raba jika 42 a kwana 30, sai ka ga jika ɗaya da dala 80 a rana. Ƙarin kansa kuwa dala 80 ne a rana. Da wannan magidanci zai ci, ya sha, ya biya haya, ya kai yaro likita. Duk wanda ya taɓa riƙe cefanen gida a garin nan ya san inda dala 80 ke tsayawa.

To wa ke karɓar wannan kuɗi a Arlit? Garin nan hawa uku ne. Akwai ma'aikatan kamfani na dindindin, waɗanda albashinsu ya wuce SMIG nesa ba kusa ba, ƙarin bai taɓa su kai tsaye ba. Akwai kuma mafi yawanmu, waɗanda ba su da takardar albashi ko lambar CNSS: ƴan kabu-kabu, masu tura ruwa, ƴan dako a tasha, yaran gareji, ƴan aikin gida, masu haƙar zinariya a Cibarakaten. Su doka ba ta san adadinsu ba, balle ta auna abin da ake ba su. Tsakanin waɗannan biyu akwai hawa na uku: masu gadi, masu shara, leburori da ƴan kicin da ƙananan kamfanonin kwangila ke ɗauka, da ma'aikatan gidajen burodi da gidajen mai. Su ne jika 42 ta shafa da gaske. Yaya za a ce ƙarin da ya faɗa aljihun wannan ɗan rukuni shi ya ɗaga farashin buhun shinkafa a gari duka?

Ba mu ce ƙarin albashi ba ya taɓa farashi ko kaɗan ba. Yana taɓawa, inda ladan ma'aikaci ke da babban kaso a cikin kuɗin da mai sana'a ke kashewa. Amma a auna. A ɗauka, misali kawai, mai gidan burodi yana da yara biyar, kowanne ya ƙara masa jika 12. Jika 60 ke nan a wata. In yana gasa burodi dubu a rana, ya gasa dubu 30 a wata. Raba jika 60 a kan burodi dubu 30, kowane burodi ya ɗauki sefa 2, ko rabin dala bai kai ba. Amma in ya tashi ƙari, dala biyar zai ɗora, don ba wanda ke yawo da canjin sefa 2. Sauran sefa 23 ɗin fa? Ko dai na fulawa da gazuwal ne da suka hau, ko kuma riba ce da ta laɓe bayan sunan ma'aikaci.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan gardama ba. A Amurka, lokacin da jihar New Jersey ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga dala 4.25 zuwa 5.05 ta Amurka a awa cikin 1992, masana biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci suna ƙirge, suka kwatanta da maƙwabciyarta Pennsylvania inda ba a ƙara ba. Ba su ga an rage ma'aikata ba, farashin abinci kuma ɗan kaɗan ya motsa, ƙasa sosai da girman ƙarin. Dattawanmu da suka yi zirga-zirgar Kano za su ce, to Udoji fa? Gaskiya ne, ƙarin Udoji na 1974 a Najeriya tsada ta biyo bayansa. Amma wancan ƙari ne ga dukkan ma'aikatan gwamnati, daga masinja har babban sakatare, aka haɗa da bashin watanni aka zube musu a lokaci guda, kuɗin man fetur na malala. Bai yi kama da jika 12 ta mai gadi ba. Ko a 2024 da Najeriya ta kai nata daga naira 30,000 zuwa 70,000, tsada ta riga ƙarin isowa, tun daga cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023.

Haka abin yake a wurinmu, kuma duk mun shaida. Kaya sun fara hawa tun bayan 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki, tun kafin jika 42 ta fara aiki. Hanyar Kwatano da shinkafarmu ta saba bi ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ayari-ayari da rakiyar soja. Bayan duk wannan sai a zo ga namu ciwon na musamman: nisa. Arlit ba ta noma abin da take ci. Hatsi daga Maraɗi, Damagaram da Tawa yake zuwa. Taliya, madara da dabino daga Aljeriya ta Asamaka, ranar da iyaka ta yi tari kasuwarmu ta kama mura. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa don yuraniyom, kowa ya san yadda ta koma. Kowane rami a kanta kuɗi ne: taya, sifirin, kwanan direba a daji, ƙarin gazuwal. Mai kamyo ba daga aljihunsa yake biya ba, a kan tiyar gero yake ɗorawa, uwar gida a Bukkoki ta biya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika faɗa ba. SMIG ɗaya ce daga Gaya har Bilma, amma kasuwa ba ɗaya ba ce. Jika 42 a Maraɗi, inda gero ke fitowa daga gonar bayan gari, ba ita ce jika 42 a Arlit ba, inda sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Mai gadin Arlit da mai gadin Maraɗi takardarsu iri ɗaya, tukunyarsu daban.

Ga kuma halin da aiki ke ciki. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe a Akokan bayan shekara fiye da 40 tana haƙa. Ma'aikatanta kusan 600 suka rasa aiki, ga ɗaruruwan ƴan kwangila da ba su samu irin sallamar da na dindindin suka samu ba. Imuraren da aka yi ta jira ba ta fara fitar da komai ba, har aka karɓe lasisin daga Orano a Yunin 2024. In masu neman aiki suka yi yawa, aiki ya yi kaɗan, mai ɗauka ne sarki. Mun san matasa da ake ba jika 25 ko 30 a hannu, babu takarda, babu CNSS, kuma ba sa iya buɗe baki, don mutum goma na tsaye a ƙofa suna jiran gurbin. Irin wannan yaro, an ƙara masa tsada da sunan albashi, albashin kuwa bai gani ba. Duka biyu ke nan.

Don adalci, mu ji ta bakin ƙaramin ɗan kwangila shi ma. Zai ce maka kuɗin da ya sa hannu a kai na gadi ko shara an yanke shi ne a kan tsohon albashi, kuma ana daɗewa ba a biya shi ba. In haka ne yana da hujja, amma hujjarsa a gaban wanda ya ba shi aiki zai kai ta. Ba a cikin tukunyar mai gadi zai cike giɓin ba.

Me muke nema? Abu huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma. Na ɗaya, tunda a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakin ƙasa, yanzu babu wanda za a nuna wa yatsa a Faransa kan abin da ya shafi ladan lebura. Duk kamfanin da zai samu kwangila da ita, ko da SONICAR a Cirozerin, ya nuna takardun albashi da shaidar zuba kuɗin CNSS kafin a biya shi, a kuma sabunta farashin kwangilar daidai da jika 42. Na biyu, sufetocin ƙwadago su fito daga ofis su shiga gidajen burodi, gidajen mai da wuraren gadi, ba sai ma'aikaci ya sayar da aikinsa ya kai ƙara ba. Na uku, ƙungiyoyin ƙwadago na ma'adinai su buɗe ƙofa ga ƴan kwangila, su kuma fara maganar alawus na nisa ga ƙananan ma'aikatan arewa. Na huɗu, a gyara hanya. An rage kuɗin esans da gazuwal a Yulin 2024, an rage kuɗin asibiti da na siminti a shekarar, mun gani mun yaba. Amma ga mutumin Arlit, kwalta mai kyau daga Tawa ta fi kowane ƙarin albashi saukar da farashin tiya.

Kada kuma a sake barin SMIG ta yi barcin shekara goma. A riƙa duba ta duk shekara biyu ko uku, a ƙara kaɗan-kaɗan, yadda ɗan kasuwa ba zai samu ranar da zai ce "an ƙara muku" ba.

Ga ƴan kasuwarmu, iyayenmu da yayyenmu: in kaya ya hau saboda hanya ko iyaka, ku faɗa mana haka, za mu fahimta, tare muke shan wannan rana. Amma ku daina jingina shi ga albashin da yaron shagonku ma bai karɓa ba. Ga ma'aikaci kuma: jika 42 ba kyauta ba ce, haƙƙinka ne a doka. Ka nemi takardar albashinka, ka tambayi lambarka ta CNSS, ku je ku biyu ko uku in kana tsoron zuwa kai kaɗai.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. Mu ma abin da muke cewa ke nan. Allah Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya kawo mana sauƙi. Wassalam.