Sojan da ya dawo da rauni

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, Najeriya kan tuna da 'yan mazan jiya, domin a ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A Abuja akan ajiye furanni, a saki tantabaru, a yi wa waɗanda suka kwanta dama addu'a. Hakan ya dace. Sai dai akwai waɗanda suka dawo da ransu, amma sun bar ƙafa ko ido a fagen fama.

Tun 2009 rikicin Boko Haram yake ta ƙara yawansu a Borno da Yobe, wasu nakiyar da aka binne a hanya ce ta tashi da motarsu. Asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ya yi jinyar da dama. To, bayan an sallami mutum fa? Ƙafar roba takan lalace, sai an sauya ta. Yara suna makaranta. Ga firgicin da ke hana barci, wanda matarsa kaɗai ta san da shi.

Muna kira ga Ma'aikatar Tsaro da Majalisar Tarayya da su tabbatar ana biyan waɗannan bayin Allah haƙƙinsu a kan kari, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin jinyarsu muddin ransu.