TSADAR KANANZIR DA ICE: INA MAFITA GA TALAKAN BAKORI?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk shekara idan iskar hunturu ta kaɗa, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, magidanci a Bakori da Tsiga da Kabomo da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi yakan wayi gari da wani nauyi bayan na abinci, wato nauyin wuta. Tsoho yana bukatar ruwan ɗumi kafin asuba, yara suna bukatar kaskon jin ɗumi, mai jego tana jiran a hura mata, ga kuma tukunya ba ta san uzuri ba. Akwai gidajen da masara ke cike da rumbu, amma ana kwana da yunwa domin babu abin dafa ta. Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, arahar da muka sani a da ba za ta dawo ba, kuma zaman jiranta ɓata lokaci ne. To amma akwai sauƙi mai yawa da ke hannunmu, in har mun yarda mu yi lissafi, mu kuma haɗa kai.

YADDA AKA KAI GA HAKA

Manya ba su manta da shekarar 1994 ba, lokacin yajin aikin ma'aikatan man fetur, sa'ad da kananzir ya ɓace har mutane suka koma ga murhun garin katako wanda aka laƙaba wa sunan Abaca. Daga baya gwamnati ta tsayar da farashin lita a kan naira 50, aka ce ana biyan tallafi domin talaka. Amma wane ne a ƙauyukanmu ya riƙa samunsa a kan hamsin ɗin? Kananzir da man jirgin sama dangi ɗaya ne a wajen tacewa, don haka wani kaso yakan sulale zuwa filayen jiragen sama, wani a gauraya shi da man dizal, wani kuma ya tsallake iyaka. Abin da ya rage yakan iso hannun mai talla a kan ninki biyu ko uku. A watan Janairun 2016 aka janye tallafin, aka mayar da lita naira 83. Daga nan farashi ya yi ta hawa, har a shekarar 2023 alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna lita ta haura naira dubu ɗaya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ita ce mafi kusa da mu, amma ta shafe shekaru masu yawa a rufe. Saboda haka man da muke ƙonawa sai an ɗauko shi a tanka daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita dubu. Yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya ɗaga farashin mai a duniya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal da man jirgi a 2024, amma a Legas take, kuma da farashin kasuwa take sayarwa. Duk wanda ya ce mana kananzir zai koma naira hamsin, to ƙuri'armu yake nema.

Da risho ya gagari mutane, sai kowa ya koma kan ice da gawayi. To amma dazuzzukan da ake saro su, ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Birnin Gwari, sun zama maɓoyar 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar tsaro wadda ta hana manyan motoci ɗauko ice daga daji, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Mai saran ice yana sayar da ransa ne kafin ya sayar da icensa, mai mota kuma yana shan mai da tsada. Masu saye sun yi yawa, kaya sun yi kaɗan, kuɗin dako ya ƙaru. Wannan shi ne asalin lamarin.

TALAKA NE KE SAYE DA TSADA

Abin takaici shi ne, wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya. Mai hali yakan je gidan mai a Funtuwa ya cika jarka. Talaka kuwa yakan aiki yaro da kwalba kullum da magariba. Bari mu buga misali. Kwalbar lemo ta gilas tana cin kusan sulusin lita, wato kwalba uku sun ɗara lita ɗaya da kaɗan. A ɗauka lita tana naira 2,000 a gidan mai, mai tebur kuma yana sayar da kwalba naira 800. Wanda ya sayi kwalba uku ya biya 2,400. In haka yake yi duk mako, to a shekara ya yi asarar kuɗin da ya kusa kai naira 20,000, bai kuma sani ba, domin kaɗan-kaɗan suke fita. Haka abin yake tsakanin mai sayen ice ƙulli-ƙulli da mai sayen amalanke guda, da tsakanin mai sayen gawayi a leda da mai sayen buhu.

Ba muna zargin mai tebur ba ne. Shi ma dako ya biya, kuma yana da haƙƙin ribar wahalarsa. Wanda muke kira da ya ji tsoron Allah shi ne mai lotsa gindin mudu, da mai cika ƙasan buhun gawayi da ƙasa da tsakuwa, da mai ɓoye kaya ya jira sanyi ya tsananta, da mai gauraya kananzir da fetur. Wannan na ƙarshe kisan kai yake yi, domin gurɓataccen kananzir ya sha fashewa a fitila da risho ya ƙone mata da yara, kamar yadda ya auku a Jihar Edo a 2001. Sura guda aka saukar a kan masu tauye ma'auni, kuma malamai sun yi bayanin haramcin ihtikari, wato ɓoye abin da jama'a ke matuƙar bukata domin ya yi tsada, da haramcin tarbar masu kawo kaya a hanya a saye kafin su san farashin kasuwa. Wannan tarbar kuwa ita ce sana'ar wasu dillalan ice a bakin gari.

HANYOYIN SAMUN SAUƘI

Na farko, saye a haɗe. A karkarar Ingila da Ailan ta Arewa, inda gidaje da yawa suke ɗumama ɗakuna da kananzir, maƙwabta sukan kafa ƙungiya, su haɗa bukatunsu, su tambayi 'yan kasuwa da dama, sa'an nan su bai wa wanda ya fi rangwame. Mai tanka yakan rage musu domin tafiya ɗaya zai yi. Mu da muka san adashi da aikin gayya tun kaka da kakanni, me zai hana mu? Gida ashirin na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi mota guda ta ice ko buhunan gawayi. Sharuɗɗan su ne: a zaɓi amintattu biyu ko uku, a rubuta abin da kowa ya bayar, a karanta lissafi a gaban kowa, a raba da ma'auni ɗaya. In za a biya kuɗi kafin a kawo kaya, to a yi shi bisa ƙa'idar cinikin salam, a ambaci irin icen da yawansa da ranar kawowa, domin a toshe ƙofar rigima.

Na biyu, saye kafin lokacin matsi. Ice yakan yi tsada da damina saboda jiƙa da lalacewar hanya, ya kuma yi tsada a tsakiyar hunturu saboda yawan masu nema. Lokacin kaka, sa'ad da manomi ya sayar da masara da waken suya da auduga, shi ne lokacin tanadin sanyi. Ƙarshen rani kuma na tanadin damina. Kada wani ya ɗauka wannan ihtikari ne. Ajiye bukatar iyali halal ne, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Na uku, tambaya da awo. Wayar salula tana aljihun kowa. Kafin a biya, a kira ɗan'uwa a Funtuwa, a kira wani a Malumfashi ko Ɗanja, a ji farashi, a ɗora kuɗin mota a kai, sa'an nan a kwatanta. Arahar da kuɗin mota ya cinye ba araha ba ce. Masu amfani da iskar gas su sani cewa nauyin tukunya ba komai a cikinta a rubuce yake a jikinta. A sa ta a sikeli kafin a ɗura da bayan an ɗura, a biya kuɗin kilon da ya shiga kawai. Kananzir kuwa a saye shi wurin wanda aka sani, in an ji warin fetur a mayar, kada kuma a zuba shi a fitila ko risho alhali suna ci.

Na huɗu, rage abin da ake ƙonawa. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafi ya bi iska. Murhun laka mai kewaye, wanda kowane magini zai iya yi, yana rage cin ice ƙwarai. Akwai kuma na ƙarfe irin su Save80, wanda aka yi ta yaɗawa daga Kaduna, mai aiki da 'yan ƙirare. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kashe ragowar wuta a adana gawayinta. Ƙasarmu ta noma ce: totuwar masara da karan auduga da buntun shinkafa duk makamashi ne, amma sai a tara su a banka musu wuta a gona, a dawo gida ana kukan tsadar ice. Sai dai a bar wa gona da dabbobi rabonsu na kara, kada a yi gyaran gangar auzinawa.

A nan ya wajaba mu taɓo wankan jego. Babu abin da ke cin ice a gidan Bahaushe kamar tafasa ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Magidanci yakan ci bashi domin gudun gorin surukai. Alhali tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego a wannan yanki da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Al'ada ce, Shari'a ba ta wajabta ta ba. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kuɗin icen kuma a saya wa mai jego nama da magani.

Na biyar, shuka. Wanda ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya domin buhun gawayi ya sayar da kalwa da man kaɗe na shekaru da kuɗin kwana uku. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar a Nijar, mata suna samun ice a gonar gida. Ƙasarmu ta fi tasu ruwan sama. Bedi goma a iyakar gona, ana yi musu sassabe bi da bi, za su ɗauke wa gida wani kaso na icen shekara.

GA MASU CEWA A YI HAƘURI

Wani zai ce tsada da araha na Allah ne. Haka ne, kuma Annabi bai yarda ya ƙayyade farashi a Madina ba sa'ad da aka roƙe shi. Amma malamai, cikinsu har da Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba, sun bambanta tsadar da ƙarancin kaya ya jawo da wadda haɗin bakin 'yan kasuwa ya jawo. Ta biyun wajibi ne hukuma ta sa baki. Haƙuri ba ya hana bin sababi. Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Bakori da Funtuwa da Malumfashi da sarakunan kasuwa da su riƙa binciken mudu da sikeli, su hukunta masu gurɓata kananzir, su farfaɗo da wuraren renon itatuwa. Gwamnatin jiha kuma ta sani cewa tsaron daji shi ne matakin farko na arahar ice. Mawadata su tuna da marayu da gwauraye da almajiran da ke ƙona roba da tsohuwar taya domin jin ɗumi. Ƙullin ice a daren sanyi sadaka ce babba.

Gargaɗi na ƙarshe: kada neman ɗumi ya kai mu ga halaka. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe, a nisanta shi da katifa da labule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum sama da miliyan uku a shekarar 2020 kaɗai, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa.

Muna fatan kowace unguwa za ta zauna kafin sanyin bana ya kankama, a ƙidaya gidaje, a zaɓi amintattu, a buɗe littafin lissafi. Allah Ya sawwaƙe mana, Ya ba mu zaman lafiya a dazuzzukanmu da garuruwanmu, Ya sa albarka a cikin abin da muka samu, amin.